Ranar da kuka fara cin karo da Tuffar Adnin a Assassin's Creed

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Jiya na kammala wasan bidiyo na farko a jerin Assassin's Creed, wanda Ubisoft ta fitar a 2007, kuma har yanzu faɗan ƙarshe na Masyaf bai bar zuciyata ba. Na shiga garin na tarar da mutanensa suna yawo kamar waɗanda aka juyar wa hankali, domin Al Mualim, malamin da jarumin wasan, Altair, ya yi wa biyayya tun tasowarsa, ya mallake su da ƙwallon nan mai haske, wato Tuffar Adnin. Da ya taso mini da surorin mutum tara da na riga na kashe, sai da na ajiye na'urar na numfasa. Ku kuma yaya kuka ji a karonku na farko?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne bayan faɗan, lokacin da tuffar ta haska taswirar duniya a 1191, Altair ya tsaya yana kallo ya kasa fasa ta alhali ya ce zai fasa. Sunan kuwa daga al'adar Kiristocin Turai aka ɗauko shi, don Alƙur'ani bishiya kawai ya ambata, bai ce tuffa ba.

Amsa ta biyu:
Ɗan'uwa, sai ka riƙe ta da hannunka a wasan Brotherhood na 2010 za ka san nauyinta. A titunan Roma na ɗaga ta, dogaran gidan Borgia suka hau sarar junansu, amma duk lokacin da na yi haka sai ta zuƙe ƙarfin Ezio, jarumin wannan wasan, ga shi ba damar zare takobi muddin tana hannunsa. Sau uku na faɗi a wurin kafin na koyi jinkirtawa ƙarfina ya dawo. Ban ji daɗin nasarar ba, saboda mutanen ba da son ransu suka kashe juna ba.

Amsa ta uku:
Ni a wasan Revelations ne na zubar da ƙwalla, inda Ezio ya shiga ɗakin karatu na Masyaf a 1512, ya iske ƙasusuwan Altair a kan kujera, ya ga tuffar, ya bar ta inda take.

Mai buɗe zance:
Na gode ƙwarai. Yau da dare zan fara na biyun.