Daga wane fim zan fara kallon Amitabh Bachchan?

Ɗan Fagge: Iyayenmu ba su da zance sai Amitabh, jarumin finafinan Indiya. Daga ina zan fara?

Baban Yara: Ɗana, fara da Zanjeer na 1973, shi ya fito da shi bayan finafinai da dama sun faɗi. Sai Deewaar da Sholay, duk na 1975.

Malama: Kar ka tsallake Coolie na 1983. A wajen ɗaukarsa a Bangalore a 1982 ya bugu da gefen tebur, cikinsa ya yi mummunan rauni, saura ƙiris ya mutu. A cikin fim ɗin an ma tsayar da hoton daidai wurin da ya bugu.

Na Kurna: Nemi cikakken kwafi. Wasu masu tura fim kan yanke waƙoƙi, alhali labarin na cikinsu.