Neman shawara: in kama gida a Agiliti ko in haƙura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma ina so in ɗauko iyalina daga Arewa. Dillali ya nuna mini ciki da falo a Agiliti, kuɗinsa bai kai na Ketu ba, ga shi da ƙafa zan riƙa zuwa kasuwa. Na je na gani a wannan wata na Agusta, layin a bushe yake ƙamas. Sai dai maƙwabcina a kasuwa ya ce ruwa na cin unguwar, shi kuma dillali ya rantse bai taɓa shiga gidan ba, yana so in biya na shekara. Ƙaramar 'yata ko tafiya ba ta fara ba. Me kuka gani?

Wani dattijo daga Agege: Wa alaikumus salam. Yaro, ba a duba gida a Legas a watan Agusta. Daminar nan biyu ce: ta farko daga Afrilu zuwa Yuli, sai ruwa ya ɗan tsagaita, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Kai a tsakiyar tsagaitawar ka je. Kuma abin da ke cin Agiliti ba ruwan sama kaɗai ba ne, kogin Ogun ne. Akwai madatsar Oyan kusa da Abeokuta. Idan ta cika dole a saki ruwa, in ba haka ba ta fashe. Ruwan sai ya biyo kogin ta Isheri da Kara, ya gangaro Agiliti, Owode Onirin da Ajegunle da ke kan titin Ikorodu, kafin ya faɗa lagun, wato babban tafkin Legas. In lagun ɗin ma ya tumbatsa, ba inda za shi, sai ya kwanta a unguwa. Za ka ga rana tsaka, ba hadari, amma ruwa na tasowa a tsakar gida. Ruwan sama yana janyewa cikin yini, wannan kuwa sai ya yi makonni.

Wata uwar gida a Ketu: Ɗan'uwa, ku maza kasuwa kuke wuni, matarka ce za ta zauna da shi. Na zauna a wannan yankin. Ruwan yana haɗuwa da na masai da na kwata, ya shiga rijiya, ga sauro. Ka tuna kwalarar da ta ɓarke a Legas a Yunin 2024. Yara kuma sai an biya kwale-kwale kafin su je makaranta. Mai rarrafe a irin wannan ɗaki? Wallahi ban ba ka shawara ba.

Mai gyaran wuta: Wayoyin irin gidajen nan a ƙasa-ƙasa suke. Duk inda ruwa ya shiga ɗaki, a fara kashe wuta daga mita. Lambar agajin gaggawa ta jiha 767 ce ko 112, kowa ya ajiye.

Wani ɗan kasuwar Mile 12: Ni ban ce duk Agiliti ɗaya ba ce, akwai layukan da ke kan tudu. Amma kada ka tsaya ga rantsuwar dillali, la'adarsa yake nema. Koma kai kaɗai. Dubi gindin katanga ta waje, ruwa yana barin zane. In ka ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, an rufe wani abu. Dubi ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo, ko an jera katako a layi don takawa. Ka tambayi mai shayi da limamin masallacin layin ina ruwa ya tsaya bara. In mai gidan gaskiya gare shi, ya jira ka zuwa ƙarshen Oktoba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ɗan'uwana na kasuwa, dokin ƙofar kuwa bulo biyu aka ɗora masa. Ba zan biya yanzu ba, iyali su zauna gida tukuna. Hajiya, in da ɗaki a wajenku na Ketu, ko ɗaya ne, don Allah a taimaka mini da labari.