Injin zarton ƙarfe a ƙaramin shago: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Mai Walda a Zaure, Kano:
Assalamu alaikum. A zauren gidanmu nake walda, ƙofofi da tagogi da ƙafafun tankin ruwa. Shekara bakwai ke nan da giranda nake yanka, kuma na gaji. Tartsatsi ya ƙone min riguna ba adadi, faifan yanka na ƙarewa kamar gishiri a ruwa, ga matar maƙwabcina ta haihu, ƙarar ta fara zama abin kunya. Abin da ya fi damuna shi ne yankan kwana: in na yanka digiri 45 biyu ba sa haɗuwa sai na cike ramin da walda. Ina so in sayi injin zarto mai bel. Iri uku na gani: na hannu, ƙarami mai kwanciya da ake kira 4x6, da babba 7x12. Yawancin aikina fayif mai kusurwa huɗu ne, inci 1 zuwa 2, sai angil da ɗan rodi. Rabin yini a janareta nake. Wanda ya taɓa amfani da ɗaya ya faɗa min gaskiya.

Ɗan Panteka:
Wa alaikumus salam, Oga. 4x6 nake da shi, ya shiga shekara ta shida. Sunan ma daga girman abin da yake ci ne, inci 4 a inci 6, wato ya fi ƙarfin aikinka nesa. Motarsa ba ta wuce wat 370 zuwa 550, don haka janareta matsakaici na ɗaukarsa, sai dai a tashin farko yana fizgar wuta, kada ka tada shi daidai lokacin da yaro ke walda.

Amma ka sani ba a fito da shi daga kwali a hau aiki. Yawancinsu ƙirar Sin ko Taiwan ne, fasali ɗaya, fenti da suna kawai suka bambanta. Ƙafafun da ya zo da su gwangwani ne, ran farko na jefar na haɗa masa teburi da angil. Na buɗe akwatin giya na tarar da man da ke ciki baƙi ƙirin har da yashi-yashi, na wanke da kananzir na zuba sabon man giya. Akwai giyar tagulla a ciki, in ta cinye ka shiga uku wajen nemanta. Sai na ɗauki yini guda da sukwaya ina daidaita boris ɗin da ke riƙe zarton har yanka ya miƙe. Tun daga nan na huta. In ɗaure ƙarfe, in sauke, in koma walda. Yana gamawa ya kashe kansa. Ana iya tsayar da shi kuma a ɗora masa ɗan faranti a yanka ƙananan baraket da hannu.

Kafinta Mai Karambani:
Ni dai abin da zan ce, kada wani ya ce maka injin katako zai yi in an sauya masa zarto. Na gwada. Ina da na katako a shago, na sayo zarton ƙarfe daidai tsawonsa na ɗaura, na kawo filat-ba, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai faɗi. Ko minti ɗaya ba a yi ba haƙoran suka yi shuɗi, suka zama sumul kamar bayan cokali. Daga baya aka fahimtar da ni: na katako yana gudun wajen mita 900 a minti, shi kuwa ƙarfe abin da yake so bai wuce mita 20 zuwa 60 ba a irin waɗannan ƙananan injuna. Alminiyon kaɗai na ci riba a kai. In za a rage gudun sai an ƙara akwatin giya ko fuli hawa biyu, na lissafa kuɗin na ga gara in bar wa masu abin abinsu.

Tsohon Fita, Kakuri:
Yaro, duk ku bar maganar inji tukuna. Na yi shekaru a ɗakin gyara na wata masaƙa a nan Kakuri ta Kaduna kafin masaƙun su durƙushe, kuma abin da na gani shi ne inji ba ya yanka, zarto ke yanka. Mutum ya zuba kuɗi a inji sannan ya ɗaura masa zarton da aka ba shi kyauta a kwali, ya zo yana zagin injin.

Ana ƙidaya haƙora ne a kowane inci. Ƙa'idar da aka koya mana: aƙalla haƙora uku su kasance cikin ƙarfen a kowane lokaci. In sun gaza haka, bakin ƙarfen zai faɗa tsakanin haƙora biyu ya ɓalle su, ka ji ƙas-ƙas-ƙas, shi ke nan. In kuma sun yi yawa a ƙarfe mai kauri, garin ƙarfen ba ya samun wurin fita, zarton ya riƙa shafa yana zafi ba ya ci.

To ka lissafa naka. Zarto mai haƙora 14 a inci, tsakanin haƙori da haƙori kusan milimita 1.8 ne. Fayif ɗin da kuke ƙofofi da shi yanzu, wani kaurin bangonsa bai kai milimita 1.5 ba (a zamaninmu ba ma kiran wannan fayif, amma a bar wannan). Ka ga ko haƙori ɗaya bai cika ba. Saboda haka ka nemi mai 14/18, wato mai haƙora gauraye, ko mai 24 in fayif ɗin ya cika siriri, sannan, tunda ko su ba za su cika haƙora ukun ba, ka ɗaure sifirin ɗin da ke rage nauyin kan injin don ya sauka a hankali. Mai 10/14 shi ne na yau da kullum, angil da filat-ba. Rodi mai kauri da shaf (sandar ƙarfe da ke juyawa a inji), daga inci 1 zuwa sama, 6/10. Angil kuma ka kifa shi kamar jinkar ɗaki, kada ka tsayar da gefe ɗaya.

Ka sayi wanda aka rubuta bi-metal ko M42 a jikinsa. Bakin haƙoransa ƙarfe ne mai jure zafi da aka haɗa da kobal, bayansa kuma mai lanƙwasuwa. Ya fi tsada, amma ɗaya na binne zarton baƙin ƙarfe na gama-gari da yawa. Sabon zarto kuma kamar sabon takalmi ne, yankan farko-farko ka rage masa nauyi zuwa rabi har kaifin ya zauna. Ka ja shi ya ɗaure tamau. Yawancin karkacewar yanka daga sakwarkwacewa take.

Ɗan Maraɗi:
Baba ya gama magana. Ni na hannu gare ni, don aikina na fita ne, rumfuna da hawa saman gini. Zartonsa milimita 1140, yana cin fayif har wajen milimita 120, ba tartsatsi, ko kusa da buhunan hatsi sai in yi yanka. A shago na yi masa mazauni na ɗaure shi a tsaye. Amma ba zai ba ka digiri 45 mai kyau ba sai hannunka ya ƙware, kuma ba ka barinsa ya yi aiki shi kaɗai. Kashedi ɗaya: na farkon da na saya tsoho ne daga kayan Kwatano, ashe na Amurka ne mai bolt 120. Mai kayan bai faɗa ba, ni ma ban karanta farantin jikinsa ba. Na soka a 220, ya yi wani kuka, hayaƙi ya tashi. Ka duba farantin kafin ka taya.

Mai Get-Get, Zariya:
Ku yi haƙuri, ni ban bi ku ba. Na sayi 4x6 na sayar bayan wata takwas. Mai yin get goma a wata ba shi da lokacin tsayawa kallon zarto na tafiyar hawainiya. Injin faifai na milimita 355 nake amfani da shi, fayif inci 2 kafin ka ƙifta ido ya faɗi. Kuma faifai ko'ina akwai. Zarton bel kuwa ranar da nawa ya tsinke, sai da na yi kwana tara ina jiran saƙo daga Legas. Yaran shago ma ba sa tausayinsa, ɗaya ya ɗora masa sifirin mota, ƙarfen da aka riga aka gasa, haƙoran suka zube a take.

Ɗan Panteka:
Maigida, gaskiyarka a maganar sauri, amma injin faifan nan wat 2000 ne zuwa sama. Mutumin nan a zaure yake da ƙaramin janareta da jariri a maƙwabta. Shi ai ƙarar yake gudu. Maganar tsinkewa kuma, uku-uku nake saye, kuma tsawon na 4x6 sananne ne, inci 64 da rabi, faɗi rabin inci.

Injiniyan Dare:
7x12 nake da shi, kuma don aikinka ban ba ka shawara ba. Yana da silinda mai sauke kai da mai, da famfon ruwan sanyaya, zarto inci 93, yanka kamar an goge. Sai dai mutum biyu ba sa ɗaga shi cikin sauƙi, zai cinye maka rabin zaure, kuma farin ruwan nan in ya kwana biyu a zafin bazara warinsa sai ka toshe hanci. Na saye shi ne don ina yanka shaf na injin niƙa. A fayif siriri ba ka buƙatar ruwa ma, a bushe ake yi.

Mai Walda a Zaure, Kano:
Allah ya saka da alheri, Baba na kwafe lissafinka a bangon shago da alli. Jiya na zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, ban fara tambayar inji ba sai da na tambayi zarto. Na sami mai kawo 10/14 na inci 64 da rabi, 14/18 kuma ya ce sai ya yi oda. Zan ɗauki 4x6, giranda ta zauna don rodin kankare da duk ƙarfen da ban yarda da shi ba. Tambaya ta ƙarshe: in zarto ya tsinke haƙoransa da saura, masu haɗa zarton katako a Na'ibawa za su iya ɗinke min shi?

Tsohon Fita, Kakuri:
Na baƙin ƙarfe za su iya, har da azurfar walda ana haɗa shi in an fere bakunan biyu a karkace. Bi-metal yana son injin haɗi na lantarki, kuma dole a sake ɗumama wurin a bar shi ya huce, in ba haka ba nan zai sake karyewa. Ka ce su goge haɗin ya yi daidai da kaurin zarton, don kada ya riƙa dukan boris. Ka kai musu guntu su gwada a gabanka, ka lanƙwasa da hannu ka gani kafin ka ba su mai kyan.