Bonds da Clemens: a karrama su ko a'a?

Mai tambaya: 'Yan'uwa, me ya hana a saka Barry Bonds a zauren karrama 'yan wasan baseball na Cooperstown da ke Amurka, alhali shi ke da tarihin home run 762, wato bugun ƙwallo da ke ba ɗan wasa damar zagaye fili ya ci maki?

Ɗan Kallo: Sai ɗan wasa ya samu kashi 75 na ƙuri'un marubutan baseball cikin shekara 10. A 2022, zagayensu na ƙarshe, Bonds ya tsaya a 66, Roger Clemens, shahararren mai jefa ƙwallo, a 65. Zargin ƙwayoyin ƙara kuzari ne ya kayar da su.

Malamin Wasa: Malam, akwai son kai. Sai a 2004 MLB, hukumar babbar gasar baseball ta Amurka, ta fara gwajin ƙwayoyi mai hukunci. David Ortiz ma an ambace shi a gwajin 2003, amma ya shiga.

Ɗan Kallo: Na Alex Rodriguez daban ne, shi an dakatar da shi kakar 2014 gaba ɗaya bayan doka ta kafu.