Batirin filas ɗin kyamara: abin da ƴan uwa suka faɗa

Jama'a, zancen wane batir ya fi dacewa da filas ɗin kyamara ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya tsaya kan batirin AA mai caji na NiMH. Volt 1.2 ne, amma filas yana cika da sauri da shi fiye da batirin alkalin marar caji mai volt 1.5. Masu ɗaukar biki da hawan Sallah a ƙofar fada su suka fi nanata wannan.

2. A yi hattara da batirin lithium mai lamba 14500. Girmansa ɗaya da AA, amma volt 3.7 ne, yana ƙona filas.

3. Inda aka rabu shi ne Eneloop, wani samfurin batirin NiMH: fari ko baƙi. Farin wajen mAh 2000 ne (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), kamfanin da ke yin sa ya ce yana ɗaukar caji har sau 2100. Baƙin, Pro, wajen 2500 ne, amma caji sau 500. Masu wuni a wurin biki suna son baƙin, sauran suka ce farin ya fi riba. Ni ma farin nake gani, in mutum yana da saiti biyu.

4. AA mai rubutun mAh 4000 a kasuwa, ƙarya ce.

5. A nemi caja mai kula da kowane batir shi kaɗai. A ɗaure huɗu-huɗu, kada a haɗa tsoho da sabo.

6. Zafin Damagaram yana cin batir, kada a bar shi cikin mota ko a rana. In ya yi zafi bayan aiki, ya huce kafin a sa shi caji.