Fitsarin yaro na komawa ƙoda: ƙarshensa wankin ƙoda ne?

Ummu_Yara: Assalamu alaikum. Masana, a taimaka. In aka ce fitsarin yaro yana komawa ƙoda, mataki na 3, ke nan ƙodar za ta mutu? Kuma don me ake ba shi magani kullum alhali yana ta wasansa lafiya lau?

LikitanYara: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, yawancinsu ba sa kai wa ga haka. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda yana ratsa bangon mafitsara ne a karkace, in mafitsara ta matse sai ta danne bakinsa. In wannan ratsin ya yi gajarta, bakin ba ya rufuwa, fitsari ya koma sama. Matakai biyar ne. Na 1 da na 2 galibi suna gyaruwa da kansu in yaro yana girma, na 3 ma sau da yawa haka, na 4 da na 5 ne masu taurin kai.

Abin tsoron shi ne ƙwayoyin cuta su bi fitsarin su hau ƙoda. In sun hau sukan kawo zazzaɓi, kuma kowane irin wannan zazzaɓi na iya barin tabo a ƙoda, tabon kuwa ba ya gogewa, ko an yi tiyata. Waɗanda ƙodarsu ke gazawa galibi masu babban mataki ne a ɓangare biyu, musamman maza da aka haifa ƙodar ba ta ginu daidai ba tun a ciki.

Malama_Jinya: Ƙari a kan bayanin Likita. Zafin jiki ya kai 38 ba mura ba tari, a kai fitsari gwaji a ranar, kafin a fara kowane magani. A bar fitsarin farko ya zuba, sannan a tari na tsakiya a kwalba mai tsabta. Na ledar da ake manna wa jarirai yana gurɓata, ya ba da sakamakon ƙarya. Jinkirin da ya wuce kwana biyu zuwa uku shi ke ƙara haɗarin tabo.

Maganin kullum ɗin na kashe ƙwayoyin cuta ne, ƙaramin awo da dare, misali trimethoprim miligiram 2 kan kowane kilo na nauyinsa, don haka a sake awo in ya ƙara nauyi. Wani bincike da aka yi kan irin waɗannan yara mai suna RIVUR, na 2014, ya nuna maganin kullum yana rage dawowar ƙwayoyin cuta a fitsari da kusan rabi, amma bai nuna raguwar tabo ba, kuma ƙwayoyin kan daina jin maganin. Shi ya sa ba kowane yaro ake ɗora wa ba. Abin da iyaye suka fi sakaci da shi taurin bayan gida ne: hanji ya cika ya danne mafitsara, ba ta juyewa tas. A magance shi, a kuma sa yaron fitsari duk bayan awa biyu zuwa uku.

LikitanYara: Haka ne, Malama. In hoton DMSA, wato hoton da ake yi don gano tabo a ƙoda, ya nuna tabo, aƙalla sau ɗaya a shekara a auna hawan jini da madaurin hannu daidai girmansa, a duba furotin a fitsari, da creatinine a jini (gwajin da ke nuna ƙarfin aikin ƙoda), da tsawo da nauyi. Ƙoda kan daɗe tana raguwa ba alama. A guji ibuprofen da diclofenac da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. Jariri namiji mai yunƙurin fitsari yana fita ɗis-ɗis kuma, wannan toshewa ce ake zargi a mafitar fitsarin, ba a jira da ita.