Niƙan ziyolayit: yaushe ya kamata a tsaya?

Malam Sani: Malamai, idan aka niƙa ziyolayit (ma'adini mai ƙananan ramuka) irin kilinoftilolayit a injin ƙwallaye (injin da ke niƙa da ƙwallaye masu tauri), ƙarfinsa na kama amoniyam (wani sinadari da ke gurɓata ruwa) ƙaruwa yake ko raguwa?

Injiniya Hadiza: Da farko saurin kamun ƙaruwa yake, Malam, don ƙwayoyin sun ƙanƙance, ruwa na isa ramukan da wuri. Amma in niƙan ya daɗe, ginin kiristal ɗin yana rushewa, ramukan su lalace. Gwajin XRD, wato duba tsarin kiristal da hasken X-ray, zai nuna layukan da ke alamta kiristal ɗin sun dusashe.

Dakta Bala: Niƙa shi a bushe kuma na sa garin dunƙulewa. A zuba ruwa, nauyin ƙwallaye ya ninka na gari sau 10, ana hutar da injin. Ƙwallayen ƙarfe suna gurɓata garin, na zirkoniya (wani irin tangaran mai tauri) sun fi.